Wasiƙa daga Accra: abin da na gani a gidajen abincin 'yan Labanan

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara da duk mutanen gida. A gaishe mini da Inna ƙwarai.

Ka ce tunda maganar buɗe gidan abincinka ta kankama, in ba ka labarin yadda Kwarori, wato 'yan Labanan, suke tafiyar da nasu a nan. Maigidana yakan kai baƙinsa na kasuwanci irin waɗannan wurare, ni kuma nakan raka shi, don haka abin da zan faɗa maka da idona na gani, da bakina na ɗanɗana.

Mutanen nan sun daɗe a Ghana kamar yadda suka daɗe a Kano. Mu cinikin gyaɗa da yadi ne ya zaunar da su a Fagge, a nan kuma kantunan yadi da harkar koko, wanda ake cakulan da shi. Korar baƙin da gwamnatin Firaministan Ghana Busia ta yi a 1969, wadda ta mayar da Hausawa da Yarabawa da yawa gida, da dokar 1970 da ta hana baƙi ƙananan kasuwanci, duk sun taɓa su, amma ba su ƙare ba. Yaƙin basasar ƙasarsu na 1975 zuwa 1990 ma ya ƙaro wasu. Akwai wani dattijo mai gidan abinci da ya ji muna hira ya tako har teburinmu ya gaishe mu da Hausar zango tsaf, ya ce a Kumasi aka haife shi.

Gidajen abincin nasu ba a unguwannin zango na Hausawa irin Nima ko Mamobi ko Sabon Zango suke ba. Sai ka nufi Osu, wajen titin da ake kira Oxford Street, ko Labone, ko Airport Residential, ko East Legon. Daga Nima zuwa Osu tafiya ce ƙanƙanuwa a trotro, wato ƙaramar bas ta haya, amma kuɗin da mutum ɗaya zai kashe a can zai ciyar da gida guda da waakye, wato shinkafa da wake, a Nima, har da ƙwai da taliya da gari. Akwai ƙananan shagunan shawarma, irin waɗanda suka cika Zoo Road a Kano, waɗannan ba su ne ka tambaya ba.

Kana zama, kafin a yi maganar nama, sai a cika teburi da ƙananan farantai. Gurasarsu ce take fara zuwa, daga tanda kai tsaye, a kumbure, in ka yage ta tururi ya bugi hannunka. Ba ta da kaurin gurasar Jakara, kuma ba a jiƙa ta da mai da ƙuli, ita ce cokalin. Sai hummus: wani wake ne mai ƙwaya zagayayya da ake dafawa ya yi lugub, a markaɗe shi da riɗi da lemon tsami da tafarnuwa, a shafe shi a faranti a yi masa rami a tsakiya a zuba man zaitun. Sai tabbule, ganyen fasili da na'a-na'a da tumatir da ɗan barzajjen alkama, an yanka su ƙanana ƙwarai, ba ruwa ko ɗigo a gindin farantin, alamar an tsane ganyen kafin a sa masa wuƙa. Sai falafel, wanda kusan ƙosai ne, sai dai cikinsa kore saboda ganye kuma ya fi ƙosai ƙarfi. Akwai labne, kindirmo ne aka ɗaure a ƙyalle ruwan ya tsiyaye har ya yi kauri. Akwai kibbe, niƙaƙƙen nama da alkama a dunƙule a soya. Wanda ya fi kama ni shi ne tum, farin abu mai santsi da ba komai a cikinsa sai tafarnuwa da mai da lemon tsami da gishiri. In ka dangwala gasasshiyar kaza a ciki ba za ka nemi mayonis ba.

Nama kuwa, Yaya, kada ka ji tsoronsu. Kafta da shish tawuk ɗinsu, wato tsirensu na niƙaƙƙen nama da na kaza, suna da taushi, an jiƙa su da kyau, amma babu yaji, babu ƙuli, babu wannan ƙamshin tukuba. Har 'yan Ghana da ke zuwa za ka ji suna cewa a kawo musu shito, wato soyayyen yajin Ghana, su ƙara. Tsiren da 'yan'uwanmu suke gasawa a bakin titin Nima, wanda a nan ake kira chichinga, ya fi shi shiga rai, ballantana balangun Kano. Ga nama da tsada a Accra, domin shanun daga arewa da Burkina Faso ake gangaro da su, kajin da ke kasuwa kuma mafi yawansu daskararru ne na jirgin ruwa. Kai da kake da mahauta a kusa da kaji masu rai, ka riga su a wannan fanni.

Inda suka bar mu a baya shi ne kula. Yarinyar da ke sabis za ta rubuta abin da ka ce, ta maimaita maka, kuma abin da ta maimaita shi zai zo. In wani abu ya ƙare, tun a lokacin za a faɗa maka, ba sai ka gaji da jira ba. Hummus ɗin da ka ci bara shi ne na bana, ba a ce yau mai dafawa ba ta zo ba. Na tambayi wani yaro ɗan Tamale ta arewacin Ghana da ke aiki a kicin ɗin ɗaya daga cikinsu, ya ce komai da sikeli ake aunawa, ganye kuma sai an wanke shi da ruwan sha sau da dama, a baza ya bushe. Mai wurin ba ya zama a gida yana jiran a kawo masa ciniki da dare. Yana nan kusa da teburin kuɗi, ko matarsa ko ɗansa, idonsa a kan ƙofar kicin. Na taɓa ganin wani ya tare faranti a hannun sabis, ya duba gefensa ya ga ɗigon mai, ya karɓi tsumma ya goge da kansa sannan ya bari aka wuce da shi.

Sai bandaki. Ka yi haƙuri da kawo shi cikin zancen abinci, amma nan ne nake jin takaicin gidajen abincinmu. A nasu akwai ruwa a famfo, akwai sabulu, ƙofa tana kulluwa, mace za ta shiga da yaronta hankali kwance. Shi ya sa magidanci yake ɗauko iyalinsa gaba ɗaya ya kawo su, mu kuwa sai a aiki yaro da kula ya sayo. Abin da ba su da shi shi ne buta da wurin salla. In magariba ta riske ka sai ka nemi gefen maigadi, wanda sau da yawa ɗan zango ne, ya ara maka darduma.

Akwai abubuwan da ba na so ka kwaikwaya. Wasu wuraren suna sayar da giya, domin 'yan Labanan akwai Musulmi akwai Kirista, don haka nakan tambayi yankan naman kafin in zauna, kuma ba sa jin haushin tambayar. Shisha ma ta yi yawa. Wani dare mun je da baƙi dattawa, hayaƙi ya cika wurin har muka nemi a sauya mana teburi, aka ce babu, a haka muka ci muka tashi ba daɗi. Sannan kuɗin da ka gani a takardar abinci ba lallai shi za ka biya ba. Rasit yakan zo da VAT, da harajin inshorar lafiya, da na asusun ilimi, da kashi 1 cikin 100 na yawon buɗe ido, wani wurin har da kuɗin sabis. Ba a ciniki, ba a gyara. Mutumin Kano ba zai so a faɗa masa kuɗi ɗaya a karɓi wani ba, ka haɗa komai cikin farashi tun farko. Biya kam da sauƙi, da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin ka miƙe saƙon ya shiga.

Tsadar abincinsu rabi daga kayan waje take: waken hummus, man zaitun, za'atar (wani haɗin busasshen ganye mai ƙamshi da riɗi), duk shigo da su ake yi. Kada ka ɗora kanka a kansu, canjin dala zai cinye ribar. Amma riɗi fa? Buhu-buhu ake lodinsa daga Jigawa zuwa ƙasashen waje, a can a markaɗe a zuba a kwalba a dawo mana da shi da sunan tahina. Tumatir da kokwamba da latas ga su nan daga Kura da Kadawa, kindirmo ga shi wajen Fulani kowace safiya, tafarnuwa ga ta a 'Yankaba. Shawarata ka bar tsire da balangu da gurasa bandashe su zama gaban shagon, ka ƙara musu tum da labne da haɗin ganye mai tsabta, kuɗin da za ka kashe a fitilu masu launi kuma ka zuba shi a tankin ruwa da bandaki biyu da ɗan wurin salla.

Ka sa Anti ta gwada tum ɗin a gida tukuna. A ɓare tafarnuwa a cire koren tsiron da ke cikinta, a markaɗa da gishiri a bilenda, sannan a riƙa ɗiga man kaɗan-kaɗan ana sa lemon tsami a tsakani. In aka juye man gaba ɗaya tsinkewa zai yi. Man gyaɗa na gida zai danne ɗanɗanon, a nemi farin mai marar ƙamshi. Riɗin kuma a wanke, a cire ɓawon, a ɗan soya sama-sama kada ya yi ja, a kai inji mai tsabta wanda ba a niƙa barkono a ciki ba. Ka faɗa mini yadda ya fito, in akwai gyara in sake tambayar yaron nan ɗan Tamale.

Ƙaninka, daga Nima.