Kwalbar Ruwan Zomo Mai Bakin Ƙarfe: Abin da Na Gani Bayan Shekara Guda

Zomaye biyu gare mu a gida a nan Zariya, mace da namiji, kuma na autata ne. Ni dai nawa biyan kuɗin dusa da harawa. Ranar da aka kawo su, Inna ta leƙa kejin ta ga na ajiye musu ruwa a gwangwanin madara, sai ta ce, "Kai kuma wa ya gaya maka zomo na shan ruwa? Ganye ya ishe shi." Ba ita kaɗai ke faɗin haka ba, kuma maganar tana da tushe, don zomon daji ɗanyar ciyawa yake ci da raɓarta. Namu na keji kuwa busasshen abinci suke ci. Lissafin likitocin dabbobi shi ne mililita 50 zuwa 150 a rana kan kowane kilo na nauyin zomo, wato mai kilo biyu zai iya shanye fiye da rabin ledar fiya wata. Mai shayarwa ta fi haka nesa ba kusa ba.

Gwangwanin bai yi mako ba na gaji da shi. Su kifar, su yi kashi a ciki, ga tsatsa. Sai na je shagon da ake sayar da abincin kaji da magungunansu, na sayo kwalbar nan ta roba mai cin rabin lita, ƙirar Sin, ba ta ma da suna a jiki. Ana rataye ta a wayar keji kai ƙasa. Bakinta ɗan bututun ƙarfe ne, a ƙarshensa akwai ƙwallo kamar na boris ɗin keke. Zomo ya lasa, ƙwallon ya motsa, ruwa ya ɗigo. Mai shagon ya ce min, "Malam, ka sa wannan ka huta, sai ka yi kwana uku ba ka duba ba." Wannan maganar tasa ce ta kusa ja mana asara.

Ba zan ci haƙƙin kwalbar ba, tana da kyau ta fuskar tsabta. Kashi ba ya shiga, ƙurar hunturu ba ta shiga, kuma duk mai kiwon kaji ya san ɓarnar cutar hanjin nan da ake kira koksidiyosis, wadda ke yaɗuwa idan kashi ya gurɓata ruwa ko abinci. Zomaye ma suna da irin tasu. Jikinta garau yake, kana ganin yawan abin da aka sha. Kwana biyu suka yi kafin su gane ta, shi ma sai da na shafa ɗan ayaba a bakin. Da farko ta yi ta yoyo tana jiƙa shimfiɗa, daga baya na gane sai an cika ta taf an ɗaure murfin sosai kafin ta riƙe ruwan.

Matsalar ta zo a watan Afrilu, lokacin da zafi ke neman digiri 40. Na dawo daga aiki bayan la'asar, yarinyar ta tare ni a zaure: "Abba, yau ruwansu bai ragu ba ko kaɗan." Na je na tarar da macen ta miƙe a ƙasan keji tana numfashi da sauri, kunnuwanta zafi rau, harawar safe tana nan ba a taɓa ba. Na danna ƙwallon da yatsa, ko ɗigo. Wani farin abu kamar alli ya taru a cikin bututun ya riƙe shi, irin wanda ruwan burtsatsen unguwarmu ke bari a gindin buta. Kwalba cike, zomaye na fama da ƙishirwa tun safe. Zomo ba ya yin gumi kamar mu, ta kunnuwa yake rage zafin jiki, kuma in bai sha ruwa ba sai ya daina ci, in ya daina ci hanjinsa ya tsaya, daga nan sai abin da Allah ya yi. Na ɗauko kaskon turaren wuta na uwargida, sabo, na ɗauraye na zuba ruwan randa. Macen nan ta sa kai ta yi ta sha, ba ta ɗago ba har sai da na fara tunanin janye kaskon.

Tun daga ranar kasko ne babban wurin shansu. Na sa mai ginin tukwane ta yi min biyu masu faɗin gindi da nauyi, yadda ba za su iya kifarwa ba, kuma kuɗin biyun bai kai na kwalbar ba. Ƙasa tana sanyaya ruwa kamar yadda randa ke yi, ita kuwa roba da tsakar rana ruwanta kamar na wanka. Na kuma lura sun fi sha a kasko, don a kwalba ɗigo-ɗigo ne, sai zomo ya gaji ya bari. Wahalarsa wanki: safe da yamma sai an zubar an ɗauraye, saboda gashi da guntun harawa. Da macen ta haihu da damina, 'ya'yan suka fara fitowa daga sheƙa, na rage ruwan zuwa gaɓar yatsa ɗaya don kada wani ya faɗa ciki.

Ruwan kansa, wanda muke sha shi muke ba su. Na famfo in yana warin magani ina barinsa ya kwana a buɗaɗɗen bokiti. Na 'yan garuwa sai an tafasa ya huce, haka na rijiya in damina ta gurɓata shi. Ba na zuba sukari ko maganin kaji a ciki sai da izinin likita. In an samu wuta, nakan daskarar da ruwa a gorar lemo in ajiye a kejin su jingina da ita.

Kwalbar ban yar da ita ba, tana nan a rataye saboda dare da ranar da muka fita biki, ko da wani ya ɓata na kasko. Amma kullum da safe sai an danna ƙwallon an ga ruwa ya jiƙa yatsa, wannan aikin yarinyar ne kafin ta tafi makaranta. Duk Asabar ina jiƙa bakin a ruwan lemon tsami don farin abin ya narke, cikin kuma in zuba ɗanyar shinkafa kaɗan da ruwa in girgiza, ta kankare gansakuka. Na sa mata tsohuwar safa saboda rana, ita ce ke kawo koren.

Wanda zai saya, ya sa a cika ta da ruwa a shagon a gabansa, ya kifa ta ya danna ƙwallon sau da yawa, ya kuma duba ko akwai zoben roba a cikin murfin. Ya zaɓi mai faɗin wuya da buroshi zai shiga. Tawa ƙunci gare ta, shi ya sa nake fama da shinkafa.