Cire ƙugin kuran daga sautuka masu yawa: wace manhaja ta cancanci kuɗinka?

Mai tarin tafsirin azumi ko hirarrakin rediyo a Damagaram, kafin ya sayi komai, ya fara tantance irin ƙugin da ke ciki. Kuran ɗin NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, yana tafiya a kan 50 Hz, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa, don haka ƙuginsa yana zaune a 50, da 'ya'yansa a 100, 150, 200. Na gurup, wato injin ba da kuran, kuwa ba ya zama wuri ɗaya: kaya suka yi wa injin nauyi ya sauka, aka kashe firiza ya hau. Wannan bambanci shi ke yanke hukuncin abin da za ka saya.

Idan ƙugin tsayayye ne, Audacity ta wadatar, kuma kyauta ce. Ka shiga Tools, ka buɗe Macros (Macro Manager a sababbin nau'o'i), inda ake jera matakan da za a yi wa fayiloli da yawa, ka jera Notch Filter, matatar da ke cire sautin Hz ɗin da ka nuna mata, sau uku ko huɗu, 50, 100, 150, 200, da Q, wato ƙuncin matatar, wajen 10, ka rufe da Export as WAV. Sai ka zaɓi fayiloli duka; za ka tarar da gyararrun a folda mai suna macro-output. Inda ake tuntuɓe shi ne Noise Reduction, mai rage hayaniya. Samfurin hayaniya guda take riƙewa, wanda aka ɗauka na ƙarshe, ta shafa wa kowa. Samfurin masallaci mai fanka ba zai dace da hirar da aka yi a zaure ba, murya sai ta fito kamar daga cikin tulu. Ka raba fayiloli bisa wuri da makirufo, kowane rukuni da samfurinsa, kuma kada ragin ya wuce 12 dB, ma'aunin ƙarfin sauti.

FFmpeg ma kyauta ce, ta fi sauri, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, amma sai wanda ya iya rubuta umarni. Da umarnin highpass=f=80 tana rage ƙarfin duk abin da ke ƙasa da 80 Hz. Ga magana ba laifi. Ga tambari da gangar fada kada ka kuskura, kaurinsu zai tafi.

Adobe Audition tana da DeHummer mai cire ƙugi da Batch Process mai gyara fayiloli da yawa a tare, aikinta mai kyau ne, sai dai biyan wata-wata da katin banki. A duba saitin: 60 Hz na Amurka ne, ba zai taɓa ƙuginmu ba.

Kuɗi suna da amfani ne a kan ƙugin gurup. De-hum na iZotope RX yana iya bin ƙugin yayin da yake hawa da sauka, abin da Notch Filter ba ya yi. Ka tabbata nau'in da za ka biya yana da Batch Processor, ka fara da na gwaji a kan fayilolinka uku mafi muni.

Shafukan da ke gyara murya ta intanet kuwa, loda tafsirin wata guda zai cinye maka data. Kowace manhaja ka zaɓa, a kan kwafi za ka yi aikin, a saurara da abin kunne, domin lasifikar waya ba ta fitar da 50 Hz.