Gargaɗi ga masu fatsa a Jidda: ku kula da mai rina sanduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu zuwa bakin teku a Kurnish da Ubhur jefa ƙugiya. Akwai wani mutum da ke tallar sandunan fatsa a WhatsApp da Snapchat, wai shi ne ke rina su da kansa, ja, kore, shuɗi, kowace sai ƙyalli take. Da Hausa yake magana, yana "ɗan'uwa, ɗan'uwa", ba shi da shago, kuma sai ka tura kuɗi kafin ka ga kaya. Sandunan da na riƙe da hannuna daga wajensa duk tsofaffi ne masu tsagewa, an lulluɓe su da ifoksi mai launi, wato wani irin gam da ke yin tauri in ya bushe.

Ita kanta rinin sana'a ce ta gaskiya. Ifoksin da ake shafa wa zaren da ke ɗaure zobban jikin sanda ruwa biyu ne, ana haɗa su daidai wa daida, a ɗiga launi ɗan kaɗan, sannan a ɗora sandar a kan injin da ke juya ta a hankali na sa'o'i don kada ya taru gefe guda. Launin kirki garai-garai yake, kana hango jikin sandar ta cikinsa. Shi kuwa wannan bawan Allah labta shi yake yi da kauri tun daga mariƙi har tsini, ya cika launi har ya toshe komai. Me ake ɓoyewa?

Sandar kabon, wato baƙar sandar nan mara nauyi, idan ta tsage ta tsage, ifoksi ba ya mayar mata da ƙarfinta. A hannu za ka gan ta lafiya lau, ranar da kifin hamur ya ja zuwa cikin duwatsu, nan za ta karye, daidai inda aka rufe. Kaurin kuma yana ƙara nauyi a tsini, ka daina jin taɓin kifi. Ga launin ya yi yawa ifoksin bai bushe da kyau ba: ka bar ta a mota da zafin Jidda, ka dawo ka tarar tana danƙo, yashi ya manne.

Wata dabarar tasa ita ce sayar da ƙananan kwalabe, wai ka rina da kanka. Hotunan da yake nunawa a kan farar sandar faiba aka yi su. Launi mai garai-garai a kan baƙin kabon da ƙyar yake fitowa, duk wanda ya taɓa aikin ya san haka.

Kuma yana manna sunan Shimano ko Daiwa a ƙarƙashin shafen. Su kamfanonin ba ruwansu.

Don Allah kada ka biya sai sanda tana hannunka. Fita da ita rana, ka danna farce a jikin shafen; in ya bar shaida, mayar masa. Lanƙwasa ta a hankali kana saurare, ƙarar "ƙas-ƙas" alamar tsagewa ce. Bi da yatsa ka ji ko akwai kumburi a wani wuri, ka duba gindin zobba, tsatsar ruwan gishiri ba ta ɓuya ko da an ce sabuwa ce.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsa, ya ajiye hoton hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya kira Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya a lamba 1900. A tura wa sauran 'yan'uwa na Yanbu da Jizan, don ya fara cewa yana aikawa har can.