Tsohon injin tarakta da ya taɓa cijewa: a ajiye shi a haɗe ko a kwance shi?

Wani ɗan'uwa daga Daura ya turo tambaya. Suna da Massey Ferguson 135 ta gado, ta shekara da shekaru a tsakar gida ruwa na dukanta har injin ya cije. Sun jiƙa silinda da gas da baƙin mai, yanzu yana juyawa da sifana. Kuɗin gyara sai bayan kaka. Shin su bar shi a haɗe ne, ko su kwance shi su adana kayan?

Malam, kafin a zaɓa, kwance notin ƙasan kaskon mai ka zubar da baƙin man a roba mai tsabta ka duba. In ruwa ne ya fara fitowa, ko man ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya kai ƙasa. In ka murza shi a yatsa ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, to ba tsatsa kaɗai ta riƙe shi ba, metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ya ci. Waɗannan biyun duk kwancewa suke so. In kuwa man baƙi ne kawai, ruwan sama ne ya bi ta salansa, ya samu bawul a buɗe ya kwanta kan fistan, kuma wannan zai jure ajiya a haɗe.

Ajiya a haɗe ta fi sauƙi, ta fi tsaro. Motar nan an ƙera ta tsakanin 1964 zuwa 1975, mai gas ɗin tana ɗauke da Perkins AD3.152 mai silinda 3. Cire nozul ukun da ke fesa gas cikin silinda, zuba sabon baƙin mai kamar cokali 3 a kowane rami, juya injin da hannu zagaye 2 tun nozul na waje. Kada a mayar da su a buga kik alhali mai na kwance a ciki, don mai ba ya matsuwa, kwanrod, sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, ne zai lanƙwashe. Sa sabon mai a ƙasa ko da mai araha ne. Duk wata a sake juyawa, a tsaya a wani wuri daban, don kada ringi ya zauna a gurbi ɗaya ya sake kamawa.

Injektar CAV da ke jikin injin, wadda ke tura gas zuwa nozul, gas ne ke shafe cikinta, saboda haka a bar ta cike da gas mai tsabta. In ta bushe, cikinta zai yi tsatsa, kuma gyaranta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ruwan lagireto a zubar, a buɗe famfon jikin bulok shi ma ya tsiyaye. A danne kuloch da katako don kada faifan ya manne. Batir a cire. Salansa a kifa mata gwangwani a ɗaure, hanyar iska a toshe da tsumma mai mai, saboda ɓeraye da zanzaro. Zanzaro kam abin tsoro ne, duk ramin da ya gani a buɗe sai ya gina ɗakin laka a ciki. Rumfa mai shan iska ta fi a naɗe motar da tamfol har ƙasa, domin a watan Agusta tamfol gumi yake tarawa.

Aibin wannan hanya ɗaya ne, amma babba: ba ka ga ciki ba. Injin da jiƙo ya sa ya saki sau da yawa ringinsa na nan a maƙale cikin fistan, tsatsa kuma ta riga ta huda fuskar silif, wato bututun da fistan ke zirya a ciki. Juyawa da sifana ba shaidar lafiya ba ce. Don Allah kada a ce bari a ja ta da wata mota a ji kukanta. Nan ake karya ringi, a kuma turo garin tsatsa cikin metal.

Kwancewa kuwa tana ba ka gaskiyar lissafi. Za a auna karanshaf, a ga silif, ka san abin da za ka saya a Ƙofar Ruwa ta Kano, kana tarawa kaɗan-kaɗan. Sai dai 135 ba ta da shasi, injin da kaskon mansa su ke riƙe da gaban motar. Fitar da karanshaf na nufin raba ta biyu, ta zauna kan katako ba ta motsi, gara kuma na jiran katakon. Sannan kaya na ɓacewa a gidan da yara ke kai-kawo. Wanda ya bi wannan hanya ya buga wa murafen kwanrod da na karanshaf alama, kowanne ya koma inda ya fito, fuskarsa yadda take, don ba a musanya su. Bawul da sandunan turawa a soke su a kwali bi da bi. Karanshaf a shafe shi da giris, a naɗe da tsumma mai mai, a ɗaga shi daga ƙasa. Ƙurar hunturu tana manne wa giris ta zama abin gurza ƙarfe, saboda haka ranar haɗawa sai an wanke komai da kananzir, an busa hanyoyin mai da iska.

A ganinmu, tunda watanni ne kawai, a bar shi a haɗe muddin man ya fito lafiya. Amma a cire tof silinda a leƙa, gasket ɗaya kaɗai za a yi asara. In farce na kamawa a ramukan tsatsa, silif ya tafi. A goge, a shafa mai, a mayar da tof ɗin a ɗan ɗaure.

Ranar gyara a sayi silif, fistan da ringi tare. Silif ɗinsa irin busasshe ne, ruwa ba ya taɓa shi, da injin dannawa ake shigar da shi, ba da guduma ba. A auna tsayin kowane fistan da fuskar bulok. Wanda ya gaza 'yan'uwansa, a zargi kwanrod ɗinsa. Karanshaf in ya yi zane a yanke shi 0.010 ko 0.020 na inci, a sayi metal daidai da yankan, ba kafin yankan ba. Nozul a kai a gwada feshinsu. Tazarar bawul 0.30 na milimita ne in injin na sanyi. Kafin tashin farko a ja sandar kashewa a riƙa buga kik har agogon mai ya motsa, sannan a sake ta. Bayan ya yi zafi a sake ɗaure notunan tof silinda da sifanar awo, a maimaita saitin bawul.