Wata uku da katunan kalmomin Turanci a kan tabarmarmu

Malamar autata ce ta fara yi mini maganar. Ta ce yarinyar ta san baƙaƙe, tana kuma iya haɗa su, amma da zarar ta ci karo da ƙananan kalmomin nan da ba a rasa su a kowane layi na Turanci sai ta tsaya cak. Ta ce in nemo katunan da ake rubuta irinsu, kalmomin da ake son yaro ya gane da kallo ɗaya ba sai ya tsaya haɗa baƙi ba. Na samo kwali guda a wani shagon littattafai a Sabon Gari, nan Kano. Yau wata uku ke nan muna amfani da shi.

Kati 220 ne a ciki, an bi jerin da wani malamin jami'a Ba'amurke, Edward Dolch, ya fitar a 1936 bayan ya tace kalmomin da suka fi yawo a karatun yara na zamaninsa. Babu sunan wani abu a cikinsu, irin su kare ko gida. Waɗannan ya ware musu nasu jerin na kalma 95. An kasa katunan kashi biyar, kowane kashi da launinsa. Na farko kalma 40 ne, na biyu 52. Mu har yanzu ba mu fita daga na biyun ba, kuma ba na gaggawa.

Daren farko na gane inda gizo ke saƙar. Rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake karantawa, ita kuma da shi ta fara buɗe ido a wajen yayyenta. Na ɗaga mata katin "can", ta karanta shi da Hausa tsaf, har da nuna ƙofa da yatsa. "Me" ta ɗauka tambaya ce. "To" ta ɗauka amsa ce. Da na nuna "said" sai ta ce, "Umma, wannan ai sunan mutum ne, Sa'idu." Na ji daɗin wannan kuskure har cikin raina, don ya nuna mini yarinyar tana duban baƙaƙen, ba cinta take yi ba. Abin da ya rage shi ne a gaya mata cewa Turanci yana da nasa hali, wani lokaci baƙin da ido ya gani ba shi baki zai furta ba.

Inda na so in ɓata lamarin shi ne makon farko. Na jera kati ashirin ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, kullum a tsari guda. Kafin Juma'a ta haddace su tas kamar karatun allo, tun ban juyo katin ba ta faɗi abin da ke gaba. Ranar da yayanta ya cakuɗa su, huɗu kawai ta iya. Daga nan na koma kati biyar a mako, minti goma bayan sallar magariba, ina sauya jerinsu kowane dare. A kowace kalma ina sa mata ɗigo da fensir a ƙarƙashin wajen da ke yaudara: a "said", farko da ƙarshe suna nan yadda ta san su, tsakiyar ce kawai za ta riƙe a ka. Wannan ya fi mini duk wata dabara amfani, domin kalmar ta daina zama hoton da za a haɗiye gaba ɗaya.

Wasan da ta fi so shi ne mu baza katunan a tabarma, in kira kalma, ita da yayanta su yi rige-rigen ɗora murfin lemo a kai. Ko an ɗauke wuta muna yi da tocilan. Sautin farkon "the" da na "three" kuwa, waɗanda babu su a Hausa, Islamiyya ce ta cece mu. Na ce mata ta fito da kan harshe ta taɓa haƙoran sama yadda malamin tajwidi ya koya musu a "allazi" da "summa". Nan take ta kama.

Katunan suna da nasu aibu. Takardar ba ta da kauri ko kaɗan, cikin mako biyu gefuna suka fara naɗewa, ɗaya kuma ya sha koko ya lalace, sai da na kai kashin farko shagon masu kwamfuta aka sa musu leda. Baƙin "a" da aka buga irin na littafi ne mai ƙugiya a sama, ba irin wanda take rubutawa a aji ba, ya rikita ta kwana biyu. Babbar damuwata ita ce ba a sa komai da zai nuna wa iyaye yadda ake furta kalma ba. Uwar da Turancinta bai yi nisa ba za ta iya koya wa ɗanta "one" da "where" a karkace da zuciya ɗaya. Ni na roƙi malamarta ta riƙa turo mini muryarta ta WhatsApp duk Lahadi tana karanta kalmomin makon, Allah Ya saka mata da alheri.

Zan ce a saya, musamman ga yaron da ya riga ya san sautin baƙaƙe. Wanda bai kai nan ba a ɗan dakata masa, in ba haka ba hadda kawai zai yi. Wanda kuma kuɗin ya yi masa yawa, kwalin taliya da almakashi da alƙalamin maka sun isa, jerin kalmomin yana nan kyauta a intanet.

Shekaranjiya muna cikin Adaidaita Sahu a titin Zoo ta ja mini mayafi, tana nuna wani allon talla: "Umma, ga 'for' can, ga kuma 'you' a ƙasansa!" Daren nan za mu buɗe "there" da "they", na riga na ware su a gefe.