Gwangwanin iska mai korar kyanwa daga dakalin kicin: abin da na gani cikin wata huɗu

Wata huɗu ke nan da na sayi wata na'ura da ake tallarta a intanet a matsayin maganin kyanwar da ta saba hawa dakalin kicin da teburin cin abinci, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da ta iya da abin da ta kasa. Kyanwar tamu, wadda yara suka raɗa wa suna Toka saboda launinta, an kawo mana ita ne tana 'yar ƙarama domin ɓeraye, kuma a wannan aikin ba mu da abin cewa sai godiya. Damuwar ta taso ne bayan mun koma wani gida a nan Kaduna wanda aka yi wa kicinsa dakali mai tayil, tsayinsa kimanin santimita 90, tsayin da lafiyayyar kyanwa take hayewa da tsalle ɗaya daga zaune. Ranar da na bar kifi banda a faranti na je amsa sallama, na dawo na tarar da farantin a ƙasa, kifin kuma a bayan firji, a ranar na yarda cewa Toka ba kyanwar Lami ba ce.

Ba ƙyamar kyanwa ce ta sa na damu ba, domin hadisin Abu Ƙatada da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya bayyana cewa ita ba najasa ba ce. Abin da nake tunani shi ne ƙafafun da take tona ƙasa da su ta binne kashinta, su ne take takawa da su a inda nake yanka latas da tumatir. Ƙwayar cutar da ake kira Toxoplasma gondii, wadda aka gano a shekarar 1908, a cikin kashin kyanwa take fitowa, kuma tana ɗaukar kwana 1 zuwa 5 kafin ta iya kama mutum. Yawancin masu lafiya ba sa ma sanin ta shige su, amma tana iya cutar da ɗan da ke ciki, ga shi kuwa ƙanwata mai juna biyu tana zaune a wurina a lokacin. Ita kanta kyanwar dakalin haɗari ne gare ta, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini idan ta ci, sannan murhun gas yana daɗewa da zafi bayan an sauke tukunya.

Na'urar ba ta da wuyar fahimta. Gwangwani ne irin na maganin sauro, sai dai iska ce mara wari a matse a cikinsa, an ɗora masa kai na roba mai ido ɗaya da ɗan bututu. Idon yana jin ɗumin jikin da ya motsa a gabansa, kamar fitilar nan ta ƙofar gida da take kunna kanta idan mutum ya wuce, kuma nisan da yake gani bai wuce mita ɗaya ba. Da zarar ya ji motsi sai bututun ya fesa iska da ƙara mai kama da hucin maciji. Batir huɗu ƙanana irin na rimot yake ci, kuma a kwalin an rubuta cewa gwangwani ɗaya yana yin feshi 80 zuwa 100.

Daren farko na ajiye shi a kusurwar dakali na kashe fitila, na zauna a falo ina saurare. Ba a yi rabin awa ba na ji hucin, sai ƙarar kofin silba da ya faɗi, sai ga Toka ta shigo a guje da wutsiya a kumbure kamar tsintsiya, ta shige ƙarƙashin kujera. Ta sake gwadawa sau biyu a wannan makon, daga nan ta daina kusantar kusurwar. A nan dole in yaba wa abin, domin ya yi abin da tsawata da yayyafa ruwa suka kasa yi tsawon watanni. Idan ni ce na kore ta, abin da take koya shi ne ta jira in fita, amma gwangwanin yana nan tsakar dare da asuba, ba ya taɓa jikinta, kuma ba ta danganta firgitar da ni, saboda haka ba ta fara guduna ba.

Aibinsa na farko shi ne bai san kyanwa daga mutum ba. Duk safiyar da na manta ban kashe shi ba, hannuna ne yake shan feshi idan na miƙa zan ɗauki buta. Wata rana surukata ta zo mana kwana biyu, ta shiga kicin da asuba neman ruwan zafi, sai muka ji salati da ƙarfi. Na iso na same ta a bakin ƙofa tana riƙe da ƙirji, ta ce mini, "Ke 'yar nan, wane irin maciji kuke kiwo a kicin?" Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, na kyanwa ne, mantawa na yi ban kashe ba." Ta dube ni ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an saya wa mage mai gadi ba. Da irin wannan asarar gwangwanin farko ya ƙare cikin mako uku, kuma na tabbata Toka ba ta sha kashi ɗaya cikin goma na feshin ba.

Daga nan ne ainihin kuɗin abin ya bayyana. Ba a sayar da sabon gwangwani a shagunan da na zagaya, na feshin ƙura da ake share kwamfuta da shi kuma bakinsa bai dace da kan ba. Sai na sake yin oda na jira makonni, saboda gwangwani mai matsattsiyar iska yana cikin kayan da ake taƙaita ɗaukarsu a jirgin sama, kuma kuɗin guda biyu ya kusa kai abin da na biya na'urar gaba ɗaya. Akwai kuma gargaɗin da ke jikinsa cewa kada zafi ya wuce digiri 50, wanda ya hana ni ajiye shi kusa da murhu, wato wurin da na fi son a tsare. Ita kuwa Toka, daga baya ta gano cewa idon gefe ɗaya yake kallo, sai ta koma hawowa ta wajen wanke-wanke, ta bi ta bayansa a hankali.

Na gwada dabarun da ba su da tsada a tsakanin. Salatif mai manne ta fuska biyu ya yi aiki kwana biyu kafin ƙurar hunturu ta rufe shi, takardar alminiyam ta tsorata ta sau ɗaya sannan ta kwanta a kai, ɓawon lemo kuwa tururuwa kawai ya tara mini.

Abin da ya sauya lamarin ya zo ne da na tsaya na lura da abin da take yi idan ta hau babu abinci a wurin. Taga take zuwa, ta zauna tana kallon kurciyoyin da suke sauka a katanga, domin kyanwa dabba ce mai son tudu inda za ta hangi ko'ina ba a taɓa ta ba. Na kira kafinta ya kafa mata katako mai faɗin taku biyu a jikin tagar baranda, sama da tsayin dakalin, na shimfiɗa mata tsohon tawul, nakan kuma sa mata ɗan kifi a can kafin in fara girki. Na daina barin komai a buɗe, ko da kwanon da aka ci abinci ne, nakan kuma rufe ƙofar kicin da dare. Kuɗin katakon da aikin bai kai na gwangwani ɗaya ba.

Wanda kicinsa a haɗe yake da falo babu ƙofar rufewa, ko wanda yake yini a wurin aiki, zai amfana da na'urar a makonnin farko, muddin ya sayi gwangwani na biyu tun farko kuma ya tanadar wa kyanwar wani wurin hawa. Wanda yake da ƙofa da kafinta a unguwa, ina ganin ya fara da su. Na'urar tawa yanzu tana kan teburin cin abinci a kashe, ba na kunna ta sai ranar da aka yi baƙi aka jera kuloli, kuma Toka takan tsaya daga nesa ta ƙare mata kallo sannan ta wuce baranda.