Ajin sefti na Asabar da Lahadi a Kano, yadda na same shi

Salam 'yan uwa, masu ta tambayata kan ajin da na shiga na shirin jarrabawar NEBOSH, wato ta satifiket ɗin sefti, kare lafiyar ma'aikata a wajen aiki, ga bayani. Ni a injin shinkafa nake aiki wajen Kura, kuma ni nake nuna wa sababbin yara aiki kafin su taɓa inji, shi ya sa oga ya ce in je in samo satifiket. Sati shida ina shiga gari duk Asabar da Lahadi.

Malamin wallahi ya san aikinsa. Ranar farko ya ce Malam me ya fi ba ka tsoro a wajen aikinku, na ce bel ɗin injin da ba shi da murfi, ya ce to ya za ka yi, na ce in raba wa yara safar hannu, sai ya girgiza kai ya ce ai safar ce bel ɗin zai fara cafka ya ja hannun gaba ɗaya. A nan na gane kayan kariya su ne na ƙarshe, da farko ka kawar da haɗarin, in bai yiwu ba ka canza shi ko ka killace shi da ƙarfe, sannan doka da horo. Kuma kowa sai ya tashi ya koyar na minti goma, ni kan tukunyar kashe gobara na yi, da Hausa, mai baƙin tambari ta wutar lantarki ce, ta ruwa kuwa kar ta kusanci waya.

Jarrabawar daga Ingila take, a intanet ake yi, awa 24 da littafinka a buɗe, amma labarin wata ma'aikata za su ba ka ka warware, bayan nan a yi maka intabiyu ta bidiyo a tabbatar kai ka rubuta. Mai kwafe ba zai sha ba.

Inda suka gaza shi ne darasin dare na Zoom, mu na ƙauye netwok ba ya barinmu, in ka roƙi rikodin a WhatsApp sai bayan kwana uku, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Wannan ya yi min ciwo gaskiya.

Duk da haka zan tura ƙanina. Ranar jarrabawa dai a kwana a gari inda akwai wuta da netwok. Bel ɗin nan kuwa tun sati na biyu na kira mai walda ya yi masa murfi.